Ghali Direba da Kwanon Surukinsa

Ghali mutumin Jibiya ne, kuma a Riyad in ba ka ce Ghali Direba ba babu mai gane wanda kake nufi. Tun tasowarsa bai san wata sana'a ba sai mota. Ya fara da yaron mota a hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ya sha ranƙwashi a wurin ubangidansa har hannunsa ya faɗa, ya ja motar wani ɗan kasuwa na wasu shekaru, sannan wani ɗan garinsu ya samo masa biza. Aikinsa a Riyad ba shi da wuyar bayani. Da sassafe ya kwashi masu shara da goge-goge daga masaukin kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu, ya zube su a gindin dogayen benayen unguwar Ulaya, da yamma ya koma ya kwaso su. Abin da ke tsakani lokacinsa ne. Mutum ne mai surutu da sakin fuska, tun daga bakin titi za ka ji dariyarsa kafin ka ga fuskarsa. Fasinjojinsa 'yan Bangladesh da Nepal ba sa jin Hausa ko kalma ɗaya, amma wannan bai taɓa hana shi ba su labari tun daga tashi har sauka ba.

A unguwar Malaz ya haɗu da Malam Saidou, wani dattijo mutumin Tasawa ta ƙasar Maraɗi, maigadin wani gidan bene. Malam Saidou ya zo Riyad tun ana gina unguwannin da yanzu ake cewa sun tsufa. Ya ɗauki bulo, ya kwaɓa siminti, da bayansa ya fara ƙorafi sai mai gidan benen ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya mayar da iƙamarsa, takardar izinin zama, hannunsa, ya ba shi ɗaki a ƙarƙashin matakala. Shi ne mai shara, shi ne mai wanke motoci, shi ne mai hawa da tukunyar gas har hawa na huɗu. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci yakan tuƙa tuwo da miyar kuka a kan ɗan risho, Hausawan da suka san hanya su cika ɗakin har bakin ƙofa.

Nan Ghali ya samu wurin zama, ya kuma samu daidai da shi. A kwano ɗaya suke ci, suna ci suna musu a kan kokawa. Malam Saidou ya ce duk Nijeriya babu wanda zai kai minti guda a gaban 'yan kokawar Maraɗi, Ghali ya ce ai ku 'yan Faransa baki ne da ku kawai. Dattijon ya yi ta dariya har sai ya ƙware. Da ya sayi waya mai hoto ya kasa sarrafa ta, Ghali ne mai riƙe masa ita in zai gaisa da 'yarsa Sahadatou, wata tela a Maraɗi wadda mijinta ya rasu. Rannan ta ce, "Baba, wai wane ne wannan mai bakin da ba ya barin mutum shi gaida ubansa?" Daga nan magana ta fara. Da Ghali ya je hutu aka ɗaura aure, ta tare a Jibiya kusa da mahaifiyarsa.

To, ranar da aka shafa fatiha Ghali ya samu mata, ya kuma rasa aboki. Da ya dawo Riyad, tun daga gindin matakala yake cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, an wuni lafiya?" Dattijon ya amsa yana kallon bango. Babu kokawa, babu 'yan Faransa. In Ghali ya iso ana cin tuwo, Malam Saidou sai ya tsame hannu ya rufe kwano, shi kuma Ghali ya ce ai a ƙoshe yake, alhali ƙamshin daddawa yana neman kayar da shi. Daga baya a miƙo masa nasa a leda ya je ya ci a cikin mota. Wani Balarabe mazaunin gidan har ya taɓa tambaya ko wani laifi yaron nan ya yi wa tsohon. Aka ce masa a'a, 'yarsa yake aure. Mutumin ya tafi yana kaɗa kai. Su kuwa su biyun babu wanda ya ga abin a matsayin asara da za a yi magana a kanta, haka suka ga iyayensu suna yi, haka suka yi shekara biyar.

A bazarar 2016 Malam Saidou ya yanke jiki ya faɗi yana tsakar wanke mota. Hawan jini ne. A asibiti aka ceto ransa, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da ya ce. Bayan 'yan makonni aka ce magani ya yi iyakar abin da zai yi, ana buƙatar gadon, a zo a ɗauke shi.

Ghali ya tafi da Sha'aban, wani abokinsu ɗan Zariya da ya fi shi Larabci, suka ga matar da ke kula da sha'anin marasa galihu a asibitin. Tambayar da ya zo da ita ta yi masa nauyi a baki, don a Jibiya in aka ji ka kai surukinka gidan ajiye tsofaffi, kasuwa ma sai ta gagare ka shiga. Ya dai daure ya ce wa Sha'aban ya tambaye ta ko akwai irin wannan gida.

Ta ce akwai. Na gwamnati na 'yan ƙasa ne, su ma sai wanda ba shi da kowa. Masu zaman kansu kuma akwai, amma da ta faɗi abin da ake biya Sha'aban bai ma wahalar da kansa wajen fassarawa ba, ya dai dubi Ghali ya girgiza kai. Inshorar maigadi tana biyan magani, ba ta biyan mai juya ka a gado ko mai ba ka abinci a baki. Ta ce abin da aka saba yi shi ne kafili ya yi wa mutum fita ta ƙarshe ya koma wurin danginsa, sai dai likita ya ce yadda jikin tsohon yake yanzu ba zai iya zaman jirgi ba. Ghali ya ce to a bar 'yarsa ta zo. Ta tambayi aikin da ke kan iƙamarsa, da ta ji direba ne ta ce da wuya a ba shi izinin kawo iyali. Ba muguwar mace ba ce, har idonta ya kawo ruwa. Amma ba ita ta yi tsarin ba, kuma tsarin an yi shi ne don baƙo mai ƙarfi, ba a yi tunanin ranar da ƙarfin zai ƙare yana nan ba.

Mai gidan benen ya rasu tuntuni, ɗansa ne ya gaji gida da kafalar. Ya ce tun yana ƙarami ya san Malam Saidou, ba zai kore shi ba, ya zauna a ɗakinsa, sabon maigadi ya kwana a saman bene. Amma iƙama za ta ƙare bayan babbar Sallah, kuma ba zai iya sabunta ta da sunan maigadin da ba ya gadi ba. Shi kansa wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin ce take kula da mahaifiyarsa a hawa na biyu. Rabin tsofaffin garin nan a hannun baƙi suke tsufa, baƙon ne dai ba a tanadar wa hannu ba. Magana ta tsaya a kan abu ɗaya, dole tsohon ya ci ya sha ya yi ƙarfin hawa jirgi kafin lokacin.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Sha'aban da wani Abdou ɗan Damagaram suka raba jinyar, su ne masu ba shi abinci, su ne masu wanka da canza masa famfas. Ghali ya ɗauki sayayya da girki da wanki, duk abin da za a yi daga bakin ƙofa zuwa waje. Kowa ya ga daidai ne, wa zai ce suruki ya tuɓe surukinsa? Sai kamfanin su Sha'aban ya tura shi Dammam. Ba a jima ba Abdou ya samu saɓani da kafilinsa ya tattara ya koma gida. Masu cin tuwon Juma'a kuwa, da tuwo ya ƙare sai gaisuwa ta koma ta waya. Ba za a zarge su da yawa ba, kowa da mai iko da lokacinsa. Aka wayi gari babu kowa sai Ghali.

Ya bar masaukin kamfani ya dawo da shimfiɗarsa gindin matakala. Ya roƙi sabon maigadin, wani ɗan Bangladesh, ya riƙa canza wa tsohon sau ɗaya da safe, mutumin kuma yana yi a gurguje yana toshe hanci. Abinci kuwa Ghali ya yi yadda ya san ana yi wa babba. In ya sauke mutanensa a Ulaya ya dawo ya dama kunu ko ya tuƙa tuwo mai laushi, ya shiga da sallama, ya jingina tsohon da matashi, ya ajiye kwano da cokali a gefensa na hagu, ya ce, "Baba, ga abinci." Sannan ya fita ya ja ƙofa, ya bar ta a ɗan buɗe ko za a kira shi, ya je ya zauna a mota. In ya dawo ya tarar kwano ya yi ƙasa, ya yi hamdala, ya buga wa Sahadatou waya ya ce Baba yana ci sosai.

Amma tsohon sai ramewa yake yi. Idanu suka faɗa, leɓe ya tsattsage, wani miki ya fara buɗewa a ƙugunsa. Gorar ruwan da ake ajiye masa da safe haka za a same ta da yamma. Ghali ya ɗora laifin a kan ciwo, ya ƙaro zuma da dabino, ya ƙaro addu'a.

Wata rana da azahar ya ajiye kwano ya fita, sai ya tuna ya bar makullin mota a kan taga. Ya komo a hankali don kada ya katse wa Baba cin abinci. Ta tsagar ƙofa ya hango kwanon a ƙasa. Wata kyanwa ta titi ta sa kai a ciki tana ci hankali kwance, da gani ba yau ta fara ba. Malam Saidou yana kwance yana kallonta, hannunsa na hagu yana rataye a bakin katifa inda ya tura kwanon. Sai idonsu ya haɗu, karo na farko cikin shekara biyar. Dattijon ya runtse ido ya juyar da kai.

Ghali ya fita ya zauna a kan matakala. Yanzu ya gane komai. Mutumin da ya haura saba'in bai taɓa kai loma baki da hagu ba, in ma ya gwada zubewa za ta yi a ƙirji, mijin 'yarsa ya zo ya tarar da shi dama-dama kamar yaron goye. Ruwa kuwa ya daina sha ne don kada ya jiƙa shimfiɗa bayan ɗan Bangladesh ya tafi. Ya gwammace ya bushe a kwance da ya buɗe baki ya ce Ghali zo ka taimake ni. Shi kuma gogan naka yana cikin mota yana jin rediyo, yana ganin ladabi yake yi. Ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifinsa.

Ya kira Sahadatou ya faɗa mata.

"Malam, tsaya in gane," ta ce. "Kai kana waje kana jin kunya, shi yana ciki yana jin kunya, kyanwa na tsakiya tana cin tuwo?"

"Ai kin san yadda abin yake, ba na iya..."

"Mi ne ne ba ka iyawa? Kunyar taka ita za ta ɗauko shi ta kawo shi Tasawa? Wallahi in Baba ya mutu da yunwa kana bakin ƙohwa, ba ni yahe maka. Tashi ka kai mishi wayar."

Ya shiga, ya ajiye wayar kusa da kunnen tsohon, ya koma gefe ya durƙusa.

"Baba, ni ce. Aikin ga nawa ne, ni ya kamata in yi shi, an hana mini hanya. To hannun mijina na ara. In ya miƙo maka cokali, ni ce na miƙo. In ka ƙi, ni ka ƙi."

Hawaye ya gangaro wa dattijon ta gefen da ya shanye, ya bi kunne ya sauka a matashi.

Ghali ya dama sabon kunu ya dawo. Ya zauna a gaban tsohon ya ɗaga cokali, tsohon ya datse baki ya ƙura wa bango ido. Ba taurin kai ba ne, fuskar ce ba za su iya haɗawa ba, su duka biyun. Ghali ya ajiye cokalin. Sai ya tashi ya zare matashin, ya hau katifar ya zauna a bayan tsohon, ya jingina da bango, ya ɗago shi ya kwantar da bayansa a ƙirjinsa. Babu nauyi ko kaɗan, kamar ka ɗauki damin kara. Yanzu duk su biyun ƙofa suke kallo.

Ya ɗebo kunu ya zagayo da hannu. Da yake ba ya ganin bakin, cokalin farko a haɓa ya sauka, na biyu ya kusa shiga hanci. Ya ce, "Yi haƙuri, Baba." Sai ya ji yatsu masu sanyi sun kama wuyan hannunsa. Malam Saidou ne ya ɗago hagunsa, ya riƙe hannun Ghali, ya ja shi a hankali har bakinsa. Ya haɗiye. Ya sake ja. Haka suka yi har kwanon ya ƙare, sannan ya sha ruwa rabin gora, kuma da hannun dama ya ci, ko da yake ba nasa ba ne.

Wanka ya fi wuya, amma shi ma suka samo hanya. In Ghali ya shigo da bokiti, tsohon da kansa yake jawo ƙyallen rawaninsa ya rufe fuska, ba ya buɗewa sai ya ji an sa masa riga. Ghali ya koyi juya shi daga gefe zuwa gefe, ya koyi wanke miki da ruwan gishiri yadda 'yar Filifin ɗin hawa na biyu ta nuna masa a bakin matakala. Ya sallami ɗan Bangladesh da godiya. Kwanakin farko shiru suke yi, sai ƙarar ruwa. Amma bakin Ghali ba a yi shi don shiru ba. A hankali ya fara ba bango labari, yau cunkoson hanyar Ulaya, gobe ɗan Nepal ɗin da ya yi barci aka wuce da shi har garejin kamfani. Wani lokaci sai ya ga ƙyallen rawanin yana motsi, tsohon yana dariya a ƙarƙashi.

Shi ma ya ji jiki. Ya rame, ya fara gyangyaɗi a fitilar hanya, shugaban direbobi ya ja masa kunne. Wata Juma'a wani Maikuɗi, cikin tsofaffin masu cin tuwo, ya zo dubiya ya tarar da shi yana fitowa da famfas a leda. Ya ja shi gefe ya ce, "Haba Ghali, kai da surukinka? Ai wannan bai dace ba, in aka ji a gida fa?" Ghali ya miƙa masa bokiti da soso ya ce, "Gaskiyarka. Bismillah." Maikuɗi ya tuna ya bar wani yana jiransa a unguwar Bat'ha.

Mikin ya fara haɗewa, kumatu suka ɗan ciko. Ana saura kaɗan Sallah suka koma asibiti, likita ya duba ya ce an samu ci gaba, amma zuciyar ba ta da ƙarfi, a ƙara haƙuri, wataƙila ya iya tafiya kafin iƙamar ta ƙare, wataƙila kuma a'a. Malam Saidou ya fi Ghali jin Larabci nesa ba kusa ba, don haka babu abin da za a ɓoye masa.

Da suka dawo gida Ghali ya hau katifa ya zauna a mazauninsa, ya jingina tsohon a ƙirji, ya ɗebo kunu. Yatsun suka kama hannunsa kamar kullum, amma ba su ja ba. Suka riƙe shi a nan, cokali a tsaye.

"Ghali."

Rabon da ya ji sunansa a wannan bakin tun kafin aure. Ya ce, "Na'am, Baba."

Maganar ta fito a hankali, kalma tana jan kalma. "In ban kai ga jirgin ba, kak ka bar ni hannun ma'aikata. Ba sauran abin da ba ka gani ba. Kai za ka yi mini wanka."

Ghali ya buɗe baki zai ce ai za ka kai, in sha Allahu za ka ga Tasawa, amma maganar ta ƙi fita. Ya gode wa Allah da babu mai ganin fuskar wani. Ya ce, "To, Baba. Ni zan yi."

Sai yatsun suka ja hannunsa zuwa baki.